Albarkar dabbobi a coci da lambar waliyyi a wuyan kare: ina matsayinmu?

Maman_Godiya:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ina neman amsa daga waɗanda suka san koyarwar Ikilisiya. A cocin da muke zuwa nan Amurka an yi sanarwa cewa ranar Asabar mafi kusa da 4 ga Oktoba, idin Waliyyi Faransis na Asisi, kowa ya kawo dabbar gidansa Fada zai sa mata albarka a filin ajiye motoci. Yarana suna da kare, sun matsa mini lamba sai mun je. Ban da wannan, a ɗan shagon coci ana sayar da wata 'yar lambar ƙarfe da ake rataya wa kare ko kyanwa a wuya, gabanta hoton Waliyyi Faransis, bayanta kuma a zana sunan dabbar da lambar wayar mai ita. Da na faɗa wa mahaifiyata a waya ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin an kai kare gaban Fada ba, hoton waliyyi a wuyan kare kuwa saɓo ne. To albarkar nan koyarwar Katolika ce ko al'adar Turawa ce kawai? Lambar kuma, ya halatta in saya?

DanShendam:
Mama ta faɗi gaskiya, ki ji maganarta. Matiyu 7:6 a fili yake, an hana ba karnuka abin da yake mai tsarki. Kare da ke sa baki a bola, yana birgima a cikin ƙazanta, shi za a rataya wa fuskar waliyyi? Hoton mahaifinki za ki yarda a rataya masa?

Baba_Katikis:
'Yata, raba tambayoyin nan, don nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ta farkon ba ta da wuya. Ikilisiya tana da littafin addu'o'in albarka da Roma ta fitar a 1984, a cikinsa akwai tsarin sa wa dabbobi albarka, kamar yadda akwai na gona, na sabon gida, na mota da na kayan aiki. Fada yana yi, dikin yana yi, har wanda ba a naɗa ba irina an tanadar masa kalmomin da zai faɗa. Ba baftisma ba ce, ba ta cikin sakramenti bakwai, dabba ba ta zama Kirista da ita. Ana gode wa Allah ne da ya halicce ta, a roƙe shi ya kiyaye ta, ya kuma ba mai ita hankalin riƙe ta da kyau. Ki buɗe Farawa 1:22 ki gani, kifaye da tsuntsaye Allah ya sa wa albarka tun ba a halicci Adamu ba.

Ɗana DanShendam, ayar da ka kawo, Kiristocin farko sun ɗauke ta a kan kada a miƙa Jibin Ubangiji ga wanda bai shirya karɓarsa ba. Mutane ake wa gargaɗi a wurin.

Ta biyun ce take sa ni jinkiri. Dokar Ikilisiya mai lamba 1171 ta ce abin da aka keɓe wa ibada ta wurin sa masa albarka dole a riƙe shi da girmamawa, ba a yin amfani da shi inda bai dace ba. Mu da muka tashi muna sumbatar lambar da ke wuyanmu kafin mu kwanta, ba zai yi mana sauƙi mu gan ta tana jan ƙasa ba. A nan ina tare da mahaifiyarki.

Yar_Roma:
Na gode Baba. Yaya Maman_Godiya, abin ya girmi Amurka nesa ba kusa ba, kuma a nan Italiya ba ranar Faransis ce babbar ranar ba. Ranar 17 ga Janairu ce, idin Waliyyi Antoni na Masar, wanda ya zauna a hamada ya rasu a shekara ta 356. Na je cocin Waliyyi Yusebiyo da ke kusa da dandalin Bitoriyo a birnin Roma na gani da idona. Ana sanyi mai shiga ƙashi, mutane sun cika harabar, tsofaffi sun naɗe ƙananan karnukansu a cikin rigar sanyi, wata yarinya riƙe da keji an lulluɓe shi da tawul don kada iska ta bugi tsuntsun. Fada ya fito bakin ƙofa ya yi gajeriyar addu'a, sannan ya bi layi yana yayyafa ruwan albarka. A ranar kuma makiyayan Italiya suna kafa garke a gaban dandalin Waliyyi Bitrus, da shanu da tumaki da awaki da kaji, masu dawakai su yi jerin gwano, babban limami ya fito ya sa albarka. Asalin abin na manoma ne. Mutumin da rayuwar gidansa ta rataya a kan sa ɗaya da jaki ɗaya, in annoba ta shigo ya kaɗe. Karnukan gida daga baya suka shigo, da mutane suka bar ƙauye suka koma birni.

Bakon_Madrid:
Haka yake a nan Sifen. Ranar 17 ga Janairu layi yake yin tsawo a titin Hortaleza, gaban cocin San Anton, wato Waliyyi Antoni, a birnin Madrid, ana kuma sayar da wani ɗan burodi na ranar. In kun lura, a zane-zanen Waliyyi Antoni akwai alade kusa da ƙafarsa. Dalili shi ne a zamanin da akwai ƙungiyar masu hidima da ke ɗauke da sunansa, suna jinyar marasa lafiya, suna kiwon aladu don ciyar da su. An yarje wa aladunsu su yi yawo cikin gari, an rataya musu ƙararrawa don a san na asibiti ne, kowa ya ba su abinci. Kenan rataya wa dabba alamar waliyyi ma ba yau aka fara ba.

DanShendam:
Ƙararrawa ka ce. Ba fuskar waliyyi ba.

Manomi_Kagoro:
Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mu ma ai muna yi, suna ne kawai ba mu ba shi ba. Lokacin godiyar kaka, akuya da zakara ake jawowa har gaban bagade, Zumuntar Mata na waƙa, Fada ya sa albarka a kan duka. Da na sayi shanun huɗa Fada ya zo gida ya yi addu'a a kansu ya yayyafa musu ruwa, babu wanda ya ce uffan. Babur ma ana kawowa bayan Mas. To in babur da ba shi da rai ya samu, me zai hana karen da ke kwana a ƙofar gidana yana gadin awakina? Ina ganin ƙyamar kare ce kawai take damunmu. Amma a sani, sa albarka bai mayar da dabba ɗan gida ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, zakaran da aka yi wa addu'a ranar Lahadi yana iya shiga tukunya ranar Kirsimeti.

Talatu_Pankshin:
Tun da an zo nan bari in faɗa, a wajenmu kare nama ne, kowa ya san kasuwar Dawaki. Shi ya sa tsofaffinmu suke jin labarin nan wani iri. Baba_Katikis, Ikilisiya ta hana cin sa ne?

Baba_Katikis:
Ba ta hana ba 'yata. Katikisim, littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, a sakin layi na 2417 ya yarda mutum ya ci naman dabba, ya yi sutura da fatarta, ya sa ta aiki. Abin da na 2418 ya hana shi ne a azabtar da ita ko a kashe ta ba gaira ba dalili. Yadda ake cusa karnuka a keji a ɗora a mota cikin rana ba ruwa, wannan kam ya shiga abin da aka hana, ko da cinikin halal ne.

DanShendam:
Yauwa Baba, ku ƙarasa mana 2418 ɗin. Wurin ya ci gaba da cewa bai dace a kashe wa dabbobi kuɗin da ya kamata ya fara zuwa ga rage wahalar mutane ba, kuma mutum zai iya son dabba amma kada ya ba ta irin ƙaunar da mutum kaɗai ya cancanta. Nan ne ciwona. Muna da 'yan gudun hijira a sansani a Binuwai da Filato, yara ba makaranta, mu kuma muna tattauna lambar wuyan kare. Marigayi Paparoma Faransis da kansa ya ba da labari a watan Mayun 2023 cewa wata mata ta buɗe jaka ta roƙe shi ya sa wa jaririnta albarka, ashe ɗan kare ne a ciki. Ya ce haƙurinsa ya ƙare ya yi mata faɗa, ya tuna mata yawan yaran da ke kwana da yunwa. A Janairun 2022 ma ya yi magana a kan ma'auratan da suka zaɓi karnuka da kyanwoyi a maimakon haihuwa. Kuma shi Waliyyi Faransis da ake ta kiran sunansa, a ƙa'idar da ya rubuta wa 'yan'uwansa a 1221 ya hana su ajiye dabba, ya hana su hawan doki sai da lalura. Ya so halittun Allah, ban musa ba, amma bai yi kiwon kare a ɗaki ba.

Nas_Rifkatu:
Ɗan'uwa, duk abin da ka kawo gaskiya ne, amma akwai abin da ba ka gani daga inda kake. Ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a Ingila. Akwai wata tsohuwa 'yar Katolika da nake zuwa wurinta, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna wata ƙasa. Daga safe zuwa dare in ba ni ba babu mai buɗe ƙofarta. Karenta ne yake sa ta tashi daga gado, don dole ta ba shi abinci, dole ta fita da shi. Tana karanta rosari yana kwance a kan ƙafarta. A wuyansa akwai irin lambar da ake magana, ta goge har hoton ya kusa ɓacewa. Matar nan ba ta ɗauki kare a matsayin ɗa ba, ta san 'ya'yanta, kullum tana yi musu addu'a da sunayensu. Mu a gida tsohuwa tana da jikoki da maƙwabta da surukai, ba ta san irin wannan shirun ba. Kuma abin da ya ɓata wa Paparoma rai shi ne kiran kare jariri, ba roƙon albarkar ba.

Yar_Roma:
Gaskiyar Anti Rifkatu. Game da Faransis kuma, waɗanda suka rubuta tarihinsa tun farko sun ce yakan ɗauke tsutsa daga kan hanya don kada a taka ta, ya kuma so a ranar Kirsimeti a ƙara wa shanu da jakuna abinci, a watsa wa tsuntsaye hatsi. Bai mallake su ba, amma ya ɗauke su 'yan'uwa a halitta. Shi ya sa Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana shi waliyyin masu kula da muhalli a 1979.

Malam_Makiyayi:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, ina bin zancen nan tun farko, ku ba ni dama in sa baki. Abin da kuke muhawara a kai mu ma mun san shi ta wata fuska. Kowa ya ga doki da laya a wuya, ko saniya da aka ɗaura wa wani abu don maganin baki. Malamanmu sun daɗe suna magana a kai. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika a tsinke tsirkiyar da ake rataya wa raƙuma a wuya, malamai da dama, ciki har da Imamu Malik, sun ce saboda mutane suna yi ne don tsoron kambun baka. A ɗaya ɓangaren kuma akwai hadisin wanda Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka yi wa azaba don ta kulle kyanwa har ta mutu. An kuma yarda a ajiye kare don kiwo da farauta da gadin gona. Tambayata gare ku, ba da nufin tsokana ba: wanda ya rataya wa karensa lambar nan, yana ganin ƙarfen ne zai kare shi? In haka ne, mene ne bambancinta da laya?

Baba_Katikis:
Wa alaikumus salam Malam, tambayarku tana kan hanya. A koyarwarmu ƙarfe ba shi da iko ko kaɗan. Katikisim a 2111 ya kira shi camfi idan mutum ya jingina amfanin addu'a ko na alama mai tsarki ga abin da ake gani kawai, ba tare da halin zuciya ba. Lamba tunatarwa ce ga mai ɗauke da ita ya yi addu'a, ya yi koyi da waliyyin. To nan ne ma nake ƙara samun matsala. Kare ba ya tuna komai, ba ya addu'a. In lambar ba ta yi masa aikin tunatarwa ba, kuma ba laya ba ce, aikin me take yi a wuyansa?

Nas_Rifkatu:
Baba, mai karen take tunatarwa. Duk lokacin da tsohuwar nan ta sunkuya ta ɗaura masa igiya sai ta gan ta.

Malam_Makiyayi:
Na gode Baba, na fahimci matsayinku. Sai dai a aikace talaka ba ya cika rarrabewa, a wajenmu da wajenku duka.

Likitan_Dabbobi_Jos:
Bari in shigo da abin da ya shafi aikina, don akwai tarihi a nan da ya kamata mu sani. A Beljiyam akwai Waliyyi Hubat, bishop ne da ya rasu a 727, ana idinsa 3 ga Nuwamba, har yau mafarauta suna kai karnukansu a sa musu albarka a ranar. Shekaru ɗaruruwa mutanen Turai shi suke kira idan mahaukacin kare ya ciji mutum. Akwai wani ƙarfe da ake kira mabuɗinsa, a sa shi a wuta ya yi ja a ƙona wurin cizon, wani lokaci a yi wa karnuka lalas da shi don kariya. Mutane sun ci gaba da mutuwa har sai da masanin kimiyya ɗan Faransa Luwi Fasto (Louis Pasteur) ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar rigakafi a 1885 ya rayu.

Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa duk shekara da ciwon haukan kare, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan babu mai tashi. Na taɓa ganin uban da ya zo mana da kan karen da ya ciji ɗansa a cikin buhu don a gwada, bayan an yi makonni ana shafa wa yaron magani a gida. Ba na son in sake ganin irin fuskar mutumin nan.

Don haka ni ba ni da faɗa da albarka, kuma lambar da ke ɗauke da lambar waya tana da amfani sosai, kare in ya ɓata ita ke mayar da shi gida. Abin da nake tsoro shi ne wanda zai ce an yi wa karena addu'a, ba ya bukatar allura. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Talatu_Pankshin, masu yanka da masu fiɗa ma suna cikin haɗari in akwai rauni a hannunsu.

Maman_Godiya, in za ku je, a riƙe karen da gajeriyar igiya, kada a bar yara su kaɗai da shi cikin taron karnukan da bai sani ba. Masu kyanwa su bar ta cikin akwatinta.

Ayuba_Yola:
Ni tambayata daban ce. In ana sa musu albarka, kenan za su shiga sama? Na taɓa karantawa cewa Paparoma Faransis ya faɗa wa wani yaro karensa yana aljanna.

Yar_Roma:
Labarin nan ya bazu a ƙarshen 2014, amma jaridun da suka buga shi sun dawo sun gyara, bai faɗi haka ba.

Fada_Bako:
Salama ga kowa. Gaisuwa ta musamman ga Baba_Katikis, irinku ne suka koya mana addu'ar farko. Ni firist ne daga arewa, ina hidima a wata ikilisiya a Amurka, kuma ina yin wannan albarkar duk Oktoba.

Ayuba, Ikilisiya ba ta yanke hukunci a kan tambayarka ba. Waliyyi Toma Akwinas ya koyar cewa ran dabba ba ya wanzuwa bayan mutuwa kamar na mutum. Wasu kuma suna duba Romawa 8, inda aka ce dukan halitta tana nishi tana jiran 'yanci, da wasiƙar Paparoma Faransis ta 2015 a kan muhalli, wadda kusa da ƙarshenta ta yi maganar kowace halitta za ta samu wurinta a sabuwar rayuwa. In yaro ya tambaye ni, ina ce masa Allah da ya yi karen nan yana ƙaunarsa fiye da kai, kuma babu abin kirki da zai ɓace a wurinsa. Ba na wuce nan.

Yadda nake yin albarkar: a waje ne, ba a cikin coci ba, ba kuma cikin Mas ba. Mu karanta Farawa ko Zabura 104, mu yi roƙo, in bi layi da ruwan albarka. Karnuka na haushi, wasu na jan masu su. Wani yaro ya taɓa zuwa da kunkuru a cikin kwali, ya huda ramuka a murfin. Wani dattijo kuma hoto kawai ya kawo, kyanwarsa ba ta da lafiyar fitowa, yana riƙe da hoton da hannu biyu. Da yawa daga masu zuwa sun yi shekaru ba su taka coci ba, a wurin nan ne suke fara yi mini maganar matar da ta rasu ko ɗan da ya daina kira. A cikin huɗubata kullum sai na karanta musu 2418 ɗin da DanShendam ya kawo, dukansa, kuma muna ajiye kwando na abincin mabukata a wurin. Ba a biyan kuɗin albarka, duk wanda ya ce a biya ya saɓa.

Lambar kuma, ga abin da nake yi. Dabbar nake sa wa albarka, ba na sa wa lambar. In ba a sa mata albarka ba, alama ce ta shaida mai hoto, ba ta shiga ƙarƙashin dokar da Baba ya ambata ba. Wadda aka riga aka sa wa albarka, kamar ta baftismar yaro ko wadda aka cire daga rosari, ina hana a rataya wa dabba. Irin wannan in ta lalace ma ba a jefa ta a shara, binne ta ake yi. Gicciye da hoton Ubangiji ko na Uwarmu Maryamu kuwa, ko an sa musu albarka ko ba a sa ba, ina roƙon mutane su bar su daga wuyan dabba. Wannan shawarata ce ta makiyayi, wani Fada zai iya gaya miki dabam.

Maman_Godiya:
Na gode Fada, na gode Baba, na gode kowa. Za mu je albarkar. Lambar dai har yanzu ina tunani, don ko ta halatta ba na son in ɓata wa mahaifiyata rai a kan abin da ba dole ba. Likita, an yi masa allurarsa, a nan doka ce.

Baba_Katikis:
Fada, na gode da bayaninku, kuma ban isa in yi muku gyara a doka ba. Amma ku yi mini haƙuri, zuciyata ba ta kwanta da wannan bambanci tsakanin lambar da aka sa wa albarka da wadda ba a sa wa ba. Hoton waliyyi hotonsa ne ko an yayyafa masa ruwa ko ba a yayyafa ba. Mun sha wahala a ƙauyuka muna bayyana wa maƙwabtanmu, Kirista da Musulmi, cewa ba ma bauta wa hotuna, girmama waɗanda ke cikinsu muke yi. In suka ga hoton a wuyan kare, da wane baki za mu sake yin bayanin? Abin da ya wuce lafiya a Amurka zai iya zama abin tuntuɓe a Zonkwa.

Fada_Bako:
Baba, maganarku tana da nauyi, kuma Manzo Bulus ya yi irinta a 1 Korintiyawa 8 a kan kada 'yancinmu ya sa ɗan'uwa tuntuɓe. Da a gida nake hidima, ba zan bari a sayar da ita a shagon coci ba.

Hannatu_Lima:
Na makara amma bari in ƙara. A ƙasashen Latin Amurka ba Faransis kaɗai ba ne. A Bolibiya ranar 16 ga Agusta ce ranar karnuka, idin Waliyyi Roko, wanda labari ya ce annoba ta kama shi ya keɓe kansa a daji, kare yana kai masa burodi kullum har ya warke. A nan Feru kuma akwai Waliyyi Martin na Fores, baƙar fata ne ta wajen uwa, ya rasu a Lima a 1639, aka ayyana shi waliyyi a 1962. Ana zana shi da tsintsiya a hannu, kare da kyanwa da ɓera suna ci a kwano ɗaya a gabansa. Abin da nake so DanShendam ya lura da shi, mutumin nan jinyar bayi da talakawa ita ce aikinsa na kullum, dabbobin ƙari ne. Tausayin bai rabu biyu ba.

DanShendam:
'Yar'uwa na ji, kuma ban ce a wulaƙanta dabba ba, Karin Magana 12:10 ta ce adali yana kula da ran dabbarsa. Albarkar na yarda da ita yadda Baba da Fada suka bayyana. Lambar ce ban yarda ba, kuma ba na jin zan yarda. Wanda ya ƙera ta ciniki yake nema, ya gano cewa in ya buga fuskar waliyyi za a fi saya. A rubuta sunan kare da lambar waya a kan ƙarfe mara hoto, aikin ya biya.

Bakon_Madrid:
Ai rosari da kalandar coci ma wani ne yake ƙerawa ya sayar. Ciniki kaɗai ba ya ɓata abu.

Manomi_Kagoro:
Likita, maganarku ce ta tsaya mini a rai. Na ga 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, 4 ga Oktoba kuma ba ta kai mako guda a bayanta ba. Me zai hana a ikilisiyoyinmu na ƙauye a haɗa su, Fada ya sa albarka, ma'aikatan dabbobi su yi allura a wuri ɗaya? Mutanenmu in Fada ya kira za su fito fiye da in gwamnati ta kira. Maƙwabtanmu Fulani ma suna da karnuka, allurar ba ta tambayar addini.

Malam_Makiyayi:
In allura ce a fili ba a cikin coci ba, za mu kawo namu. Sai a sanar da ardo da wuri.

Likitan_Dabbobi_Jos:
Zai yiwu. In aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, ciwon yana daina yawo a tsakaninsu. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar, amma ta ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku za ku bi, kuma ku fara magana da su tun da sauran makonni. Babbar wahalar ita ce sanyi, dole allurar ta zauna cikin akwatin ƙanƙara daga inda aka ɗauko ta har a yi ta. A kuma raba layin karnuka da na awaki da kaji.

Manomi_Kagoro:
Zan kai maganar gaban kwamitin coci ranar Lahadi. Karyata ta haihu kwanan nan, 'yan kwikwiyon ma ana yi musu ko sai sun girma?

Likitan_Dabbobi_Jos:
A ƙa'ida daga wata 3 ake farawa, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara. Amma in gangami ne na gari gaba ɗaya ana yi wa har waɗanda ba su kai ba, sai a sake musu in sun cika wata ukun. Ka kawo su tare da uwar.